Yaushe Ne Ƙasa Ke Da Hujjar Ɗaukar Makami?

  

A bana an ba mu wannan shafi, mu 'yan ajin ƙarshe, don mu faɗi matsayarmu a kan tambayar da muka yi muhawara a kanta: yaushe ne ƙasa take da hujjar shiga yaƙi? Mafi yawanmu mun tsaya a kan cewa hujja bayyananna ita ce idan an shigo wa ƙasa gida da makami. Duk wani dalili bayan wannan sai an auna shi sosai, kuma sau da yawa idan aka auna ba ya cika mudu.

Wani zai ce ina ruwan 'yan makaranta da zancen yaƙi. To ai mu mutanen Zongo da Vedoko zancen ya zo mana har ƙofar gida. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tsare Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga wata shugabannin CEDEAO suka taru a Abuja, suka rufe iyakoki, suka ba sojojin mako guda su maido da shi ko a yi amfani da ƙarfi. Ranar 10 ga Agusta suka ba da umarnin a shirya rundunar ko-ta-kwana, kuma gwamnatin Benin na cikin waɗanda suka goyi baya. Mali da Burkina Faso kuwa suka ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. A unguwarmu da wuya ka sami gidan da ba shi da kaka, ko kawu, ko suruki a Gaya, Doso, Tawa ko Maraɗi. Da an gwabza, da wa za mu yi wa addu'ar nasara?

Masu ganin ya kamata a yi amfani da ƙarfi a cikinmu ba da wasa suka zo ba, kuma adalci ne mu faɗi hujjarsu. Sun ce Bazoum zaɓarsa aka yi a 2021. Sun lissafa juyin mulkin Mali a 2020 da 2021, na Gine a 2021, na Burkina sau biyu a 2022, suka ce idan ba a taka wa abin birki ba gobe sai a wayi gari da shi a nan. Sun tuna mana cewa ƙasarmu ta sha wannan wahala tun tana Dahomey, juyi bayan juyi daga 1963 zuwa 1972. Babban misalinsu shi ne Gambiya: a Janairun 2017 Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe, sojojin CEDEAO suka shiga, cikin kwanaki ya bar ƙasar ba a yi ɓarin jini ba.

Gaskiya ne, amma Gambiya ƙaramar ƙasa ce da Senegal ta kewaye, kuma sojojin Jammeh ba su tsaya masa ba. Nijar ta ninka Benin sau goma da ɗoriya a faɗin ƙasa, mutanenta sun haura miliyan 25, rundunarta ta bi bayan juyin, ga maƙwabta biyu sun ɗaura ɗamara. Wata daga cikinmu ta yi tambayar da ta kashe bakin kowa: idan an kai hari fadar shugaban ƙasa don a ceci Bazoum, wa zai lamunce cewa zai fito da ransa? Sa'an nan su 'yan bindigar da ke daji, waɗanda sun riga sun fara taɓa arewacin ƙasarmu, ai biki za su yi ranar da sojojin Benin da na Nijar suka juya wa juna bindiga. Mun ga abin da ya biyo bayan Libiya a 2011, yadda makamai suka malalo Sahel.

A darasin sira mun karanta cewa Annabi (SAW) ya yi shekara goma sha uku a Makka ana cutar da sahabbansa ba a ba shi izinin yaƙi ba, sai bayan an fitar da su daga gidajensu. A shekara ta shida bayan hijira ya karɓi sulhun Hudaibiyya da sharuɗɗan da suka yi wa manyan sahabbai nauyi a zuciya. Malaminmu na fiƙihu ya ƙara mana da cewa malamai ba sa kallon kyawun niyya kaɗai, suna kallon abin da aikin zai haifar, kuma ba a gusar da ɓarna da wadda ta fi ta girma. Wannan ma'auni shi muka ɗora a kan 2023. Juyin mulki ɓarna ne, ba mu ce ba ɓarna ba ne. Amma yaƙi tsakanin ƙasashen da yare ɗaya, kasuwa ɗaya da aure suka haɗa ya fi shi.

Kuma ba mu kaɗai muka ga haka ba. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da tura soja tun farkon Agusta. Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar sun yi tattaki zuwa Yamai. Muhammadu Sanusi II ya je ya gana da Tiani, haka ma ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau.

Kada a ɗauka muna cewa babu yaƙin da ya halatta. Akwai, kuma garinmu ya gani. Safiyar Lahadi 16 ga Janairu 1977 jirgi ya sauka a filin jirgin saman Kwatano ɗauke da sojojin haya ƙarƙashin Bafaranshe Bob Denard, sun zo kifar da gwamnatin Mathieu Kérékou. Sojojin ƙasa suka tare su, cikin 'yan sa'o'i suka koma jirginsu suka gudu. Dandalin tunawa da waɗanda suka rasu a ranar yana nan, da yawanmu mun sha wuce shi a kan zem. Ko mai son Kérékou ko maras sonsa, babu wanda ya tsaya neman fatawa a ranar. Baƙi ne da bindiga a cikin gida.

Misalin da ya fi burge mu shi ne na tsibirin Lete da ke cikin kogin Kwara. A ƙarshen 1963 rigimar wannan tsibiri ta kai Dahomey da Nijar bakin yaƙi. An tura sojoji iyaka, Nijar ta kori ma'aikatan Dahomey da ke aiki a can, aka toshe hanyar kaya. Shekaru kusan arba'in ana jan maganar. A 2001, zamanin Kérékou da Tandja Mamadou, ƙasashen biyu suka sa hannu a nan Kwatano cewa za su kai ƙara Kotun Duniya da ke Hague. Ranar 12 ga Yuli 2005 kotu ta yanke hukunci: tsibirai 16 na Nijar ne, har da Lete, 9 na Benin. Wato a kan Lete ɗin mu ne muka faɗi. Ƙasarmu ta karɓa. Wani ɗan ajinmu ya ce wannan ragwanci ne, ƙasa ba ta barin ko taƙi ɗaya. Muka ce masa ya ƙirga mana matasa nawa na Karimama da Gaya ya yarda a binne don tsibirin kiwo da noma, sa'an nan bayan an binne su a koma teburin da aka ƙi zama tun farko.

Akwai wani abu da muhawarar ta fito mana da shi wanda ba mu shirya masa ba. A 2023 ba a harba bindiga ba, amma an ji jiki. Kamiyoyi sun yi layi a Malanbil makonni da watanni, har da masu ɗauke da magani da abinci. Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki. Jama'a suka koma ƙetare kogi a kwalekwale da kayansu a ka. A nan kuwa direbobi, 'yan kamasho da masu dako a tashar jiragen ruwa suka zauna ba aiki, albasar Galmi ta yi tsada a Dantokpa, iyayen wasu daga cikinmu suka kasa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci. Wallahi ba janar ko ɗaya da ya kwana da yunwa. Idan Halifa Abubakar ya hana mayaƙansa taɓa mata, yara da tsofaffi, har da sare itace mai 'ya'ya, to takunkumin da ke tare magani a bakin gada shi ma sai ya amsa tambayar da muke yi wa yaƙi.

CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, bayan Nijar, Mali da Burkina sun riga sun sanar da ficewarsu. A lokacin da muke wannan rubutu Bazoum yana tsare, gadar kuma a rufe take ta ɓangaren Gaya. 'Yan'uwanmu masu ra'ayin ƙarfi suna nuna mana wannan su ce, to ina amfanin lallashin? Amsarmu ita ce kawunnanmu na Doso suna nan da ransu, muna gaisawa da su a waya ranar Salla.

Allah ya buɗe mana hanyar Gaya, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Wassalamu alaikum.

'Yan ajin ƙarshe