Garin da Ba Ya Tuna Ɓarawonsa

A cikin wasan bidiyo mai suna Skyrim, wanda kamfanin Bethesda na Amurka ya fitar a watan Nuwamban 2011, akwai wata dabarar sata da ta yi suna tun makonnin farko. Mai wasa zai shiga kanti, ya ɗauki bokiti ko tukunya, ya kife wa mai kantin a ka. Mai kantin ba zai ɗaga hannu ya cire ba, ba kuma zai ce uffan ba. Haka zai tsaya ƙiƙam, ana kwashe masa takubba da magunguna da cuku, har kantar ta koma wayam. Idan bokitin ya faɗi, sai ya dubi ɓarawon da fara'a, ya tambaye shi ko akwai abin da yake son saya.

Ɗan ƙanwata ne ya fara nuna mini wannan, wata ranar hutu da na tarar da shi ya dasa kansa a gaban kwamfuta. Mun yi dariya har da riƙe ciki. Amma bayan dariyar ta lafa, sai na ji garin nan da aka ƙawata da duwatsu da dusar ƙanƙara da hayaƙin murhu ya zube a idona kamar ginin yara. Tun daga ranar nake riƙe da ra'ayi guda: abin da mutanen cikin waɗannan wasanni suka rasa shi ne tunawa, kuma rashin nan zaɓi ne na masu ƙirƙira fiye da yadda yake gazawar na'ura.

Sai mun san yadda abin yake aiki kafin mu yi hukunci. Kowane mutum da kwamfuta take sarrafawa an ba shi layin gani. Idan wani abu ya gitta tsakaninsa da mai wasa, to bai gani ba, ko da abin bokiti ne da aka kife masa yanzu-yanzu. A Skyrim aiki ba ya zama laifi sai an shaida shi. Idan an shaida, sai a rubuta wa mai wasa lamba: zinariya 40 don duka, 1000 don kisa. Ƙasar ta kasu yanki tara, kowane yanki da nasa lissafi, don haka wanda ya yi kisa a Whiterun yana iya shiga Riften ya ci kasuwa hankali kwance. Idan dogari ya tsare shi, ya biya, shi ke nan, an share allo. Idan ba shi da kuɗi, ya shiga kurkuku ya kwanta a gado, ya farka wa'adi ya cika. Akwai ma hanya ta uku: ya kashe shaidar ƙarshe kafin ya kai rahoto, lambar ta goge da kanta.

Kuma wannan gari da ke yafe kisa da zinariya dubu, shi ne wanda yake tashi tsaye saboda kaza. Masu wasa da yawa sun fara tafiyarsu a ƙauyen Riverwood, suka sari kazar da ke kiwo a kan hanya don gwada sabon takobi, sai ga maƙeri da sauran mutanen gari sun yo kansu da makamai, ba sassauci. Ɗan fashin da aka soka wa kibiya kuwa zai ɗan leƙa hagu da dama, ya yanke cewa kunnensa ne ya yaudare shi, ya koma ya zauna kusa da gawar abokinsa, kibiyar tana nan cake a jikinsa.

A jerin wasannin Grand Theft Auto na kamfanin Rockstar mantuwar ta fi haka sauri. A na biyar, wanda ya fito a 2013, girman laifi taurari ne a kusurwar allo, daga ɗaya zuwa biyar. Mutum ya banke masu tafiya a ƙasa, ya harbo jirgi mai saukar ungulu, sannan ya laɓe a ƙarƙashin gada na ɗan lokaci. Taurarin su yi ƙyaftawa su ɓace, birni ya ci gaba da harkarsa. A San Andreas na 2004, sake wa mota fenti ya isa ya sa ƴan sanda su manta fuskar wanda suke bi.

Da yawa daga masu ƙorafi a kan wannan, maganin da suke nema shi ne a ƙara yawan masu tsaro, a ƙara musu kaifin ido. An gwada. A Oblivion, wanda Bethesda ta fitar a 2006, dogarai sun yi ƙaurin suna wajen sanin laifin da aka yi a bayan bango, kamar masu duba. A Cyberpunk 2077, lokacin da ya fito a Disambar 2020, ƴan sanda sukan ɓullo a bayan mai wasa daga babu, ko da a saman bene yake shi kaɗai, har sai da aka sake gina tsarin a 2023. Babu wanda ya ji waɗannan garuruwa sun ƙara kama da na mutane. Hukunci ne ya ƙaru, kuma shi ma da an biya yake ƙarewa.

A nan ɗalibin Hausa yana da abin da zai taimaka masa, domin harshen ya raba abubuwa biyu da waɗannan wasanni suka cakuɗa. Akwai laifi, wanda ake kai wa gaban alƙali, a yanke masa tara ko ɗauri, a rufe shari'a. Akwai kuma abin kunya, wanda ba shi da alƙali, ba shi da ranar ƙarewa. Wanda aka kama da akuyar maƙwabci yana iya biyan kuɗinta ninki biyu, amma bayan shekara ashirin, idan ɗansa ya je neman aure, wata tsohuwa za ta tuna. Hausawa suna cewa tsoro na daji, kunya na gida. Masu ƙirƙirar wasanni sun gwanance wajen gina daji: ƙarar jiniya, karnuka, dogari da mashi. Gidan ne suka bari babu kowa a ciki. Mai kantin da aka yi wa sata ba ya ɓata rai gobe, matarsa ba ta janye ɗanta idan ka wuce, ba a rage murya a majalisa idan ka ƙaraso.

Za a ce wannan ya fi ƙarfin na'ura. Ban yarda ba, kuma hujjata ta girmi yawancin masu wasan yau. A 1993 kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Link's Awakening a kan ƴar na'urar hannu Game Boy, mai allo marar launi. Wasan gaba ɗayansa bai kai nauyin hoto guda na wayar zamani ba. A kantin ƙauyen da ke cikinsa ana sayar da baka a kan kuɗin wasan 980, farashin da yake sa yaro ya fara tunanin banza. Ana iya ɗaukar bakan, a kewaya mai kantin har ya juya baya, a fice da gudu. Wasan yana barin ka. Idan ka koma kantin, mai shi zai kashe ka nan take, amma wannan ba shi ne babban hukuncin ba. Daga lokacin satar har ƙarshen labari, an shafe sunan da ka zaɓa wa kanka. Duk wanda ya yi maka magana, har yarinyar da ta tsince ka a bakin teku ta yi jinyarka, da sunan ɓarawo zai kira ka. Kalma ɗaya aka musanya a ma'ajiyar wasan. Babu kuɗin da ke goge ta. Da aka sabunta wasan a 2019, ba a taɓa wannan ba.

Kafin shi ma, a Ultima IV na 1985, Richard Garriott ya sa makafi su zama masu sayar da kayan haɗa sihiri. Mai wasa shi yake faɗin nawa ya biya, yana iya ba da ƙasa da farashi, makauniyar ta karɓa. Ba dogari, ba ihu. Sai dai wasan yana rage masa matsayinsa na gaskiya a ɓoye, kuma ba a kai wa ƙarshen labarin sai da shi.

To me ya hana manyan wasanni, masu ma'aikata ɗaruruwa, yin abin da ƙanana suka yi? Akwai dalilai na gaske, ba zan ɓoye su ba. Na farko tsada: Skyrim yana da layukan magana sama da 60,000 da aka naɗa da muryar mutane, kuma kowane sabon martani yana nufin sabon rubutu da sabon naɗi, a kowane harshe da aka fassara wasan. Na biyu, labari yana iya karyewa. Idan wanda zai ba ka aiki na gaba ya daina kula ka saboda ka sace masa cokali, tafiya ta tsaya. Shi ya sa a Skyrim wasu mutane ba sa mutuwa ko an sare su, durƙusawa kawai suke yi su miƙe. Morrowind na 2002 ya fi ƙarfin hali: yana barin ka ka kashe kowa, sannan ya sanar da kai cewa ka yanke zaren labarin. Dalili na uku shi ne wanda ba a cika faɗi ba. Mai wasa shi ne mai saye, kuma ɗan kasuwa ba ya son ya kunyata mai sayensa.

Ga Grand Theft Auto na sallama. Wasa ne na shaƙiyanci, birninsa zambo ne ga Amurka, kuma ba wanda ya shige shi don neman mutunci. Ƙorafina yana kan wasannin da suke tallar kansu da cewa duniyarsu rayayyiya ce, cewa zaɓinka yana da nauyi. Red Dead Redemption 2 na 2018 ya yi ƙoƙari fiye da saura: shaida yakan ruga ya kai rahoto, kana iya bin sa ka tsorata shi, akwai kuma ma'aunin daraja da ke sauya yadda labarin Arthur Morgan yake ƙarewa. Duk da haka, kuɗin da aka sa a kanka a gidan waya ake biyan sa kamar kuɗin tambari, kuma darajar da ta zube saboda jini ana iya ɗinke ta da gaishe-gaishen mutane a kan titi da mayar da kifi ruwa. An mayar da mutunci asusu, ana zuba masa ana cira.

Ba ina cewa wasa yana koya wa yara sata ba. Ɗan ƙanwata ko naman miya ba ya taɓawa sai an ba shi. Asarar da nake gani ta labari ce. Idan gari ba ya tuna wanda ya cuce shi, ba zai iya tuna wanda ya riƙe amanarsa ba. Mai wasan da ya ga zinariya a kan teburin gwauruwa ya wuce bai taɓa ba, da wanda ya kwashe, gobe gaisuwa ɗaya za a yi musu, da murya ɗaya. Na farkon hasarar zinariya kawai ya yi. Ta haka wasan da ya yi alkawarin ba ka damar zama mutumin kirki ko mugu yake ƙarewa da ba ka damar zama mai kuɗi ko matalauci.

A ranar nan ta bokiti, yaron ya ɗauki kayan da ya kwaso ya nufi wani birni mai nisa don ya sayar. Ya tsaya gaban wata mai kanti da ba ta taɓa ganin sa ba, ta yi masa maraba, ya buɗe jakarsa, sai ya tarar ba za ta sayi ko ɗaya ba. A Skyrim duk abin da aka sata yana ɗauke da alama, ko tuffa ce, kuma ɗan kasuwa na gari ba ya karɓar sa. Sai an nemi dillalin ɓarayi.

Na tambaye shi yadda aka yi ta gane cukun na sata ne, alhali mai cukun kansa bai san an sata ba.

Ya ce, "Kawu, ai cukun ta gane. Ni ba ta san ni ba."

Ya zubar da cukun a bakin ƙofarta, ya sayi kibau ashirin a hannunta, ta yi masa fatan sauka lafiya.