Iskar da ke tona asirin gwajin bam ɗin nukiliya

Ranar 9 ga Oktoban 2006 ƙasa ta girgiza a Koriya ta Arewa. Na'urorin auna girgizar ƙasa sun ji motsin, amma ba su isa su tabbatar da cewa bam ɗin nukiliya ne ba, domin tarin nakiyoyi ma kan girgiza ƙasa haka. Bayan kusan mako biyu wata tasha a garin Yellowknife na ƙasar Kanada ta shaƙo ɓurɓushin iskar zinon, wadda aka bi sawunta har yankin Koriya.

Zinon iska ce marar launi da wari, kuma da wuya ta haɗu da wani sinadari. Idan ƙwayar yuraniyom ko fulutoniyom ta tsage yayin fashewa, ana samun zinon mai tururin nukiliya cikin abin da ke fita. Sauran tarkacen kan maƙale cikin duwatsu, ita kuwa sai ta sulale ta tsagogin ƙasa ta bi iska. Masana kan nemi nau'i huɗu: 131m da 133 da 133m da 135. Kowanne da saurin da yake lalacewa. Nau'in 133 kan ragu da rabi cikin kwana biyar da 'yan sa'o'i, 135 kuwa cikin sa'a tara. Gwada yawan wannan da na wancan ne ke nuna daga ina iskar ta fito da kuma yaushe.

Hukumar CTBTO da ke birnin Biyana na Ostiriya ce ke wannan aiki, ƙarƙashin yarjejeniyar haramta gwajin nukiliya ta 1996. Tsarinta ya tanadi tashoshi 80 masu tace iska, 40 daga ciki da na'urorin kama zinon. A 2013 tashar Takasaki ta Japan ta gano zinon kwana 55 bayan gwajin Koriya ta Arewa na watan Fabrairu. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne.

Sai dai akwai barazana biyu. Ta farko, masana'antun da ke haɗa sinadaran gwajin cututtuka na asibiti, irin ta Fleurus a Beljiyam, su ma suna fitar da zinon, abin da kan rikita lissafin masu bincike. Ta biyu siyasa ce. Har yau yarjejeniyar ba ta fara aiki ba: Amurka da Sin sun sa hannu ba su amince ba, Indiya da Pakistan da Koriya ta Arewa ba su ma sa hannu ba, Rasha kuma ta janye amincewarta a 2023.

Kada mu ɗauka zancen na nesa ne. A 1960 Faransa ta fara tarwatsa bama-bamanta a Reggane cikin hamadar Aljeriya, kuma a Janairun 1961 Najeriya ta katse hulɗa da ita saboda haka.  Yau akwai tashar auna girgizar ƙasa ta wannan tsari a Torodi, Jamhuriyar Nijar.

Ra'ayinmu shi ne, ƙasar da ba ta da bam ta fi kowa buƙatar waɗannan tashoshi, domin su ne shaidarta idan manya suka yi musu. Ya kamata gwamnatocinmu su riƙa biyan kuɗin da ke kansu ga hukumar, su tsare tashoshin da ke ƙasarsu, su kuma tura matasan masana kimiyyarmu su koyi karanta bayanan da kansu. Masana'antun magunguna kuma su rage zinon da suke saki, don kada mai gwaji a ɓoye ya fake da su.