Wata 24, farashi uku

A Birtaniya ba a sayen intanet na gida yadda muka saba sayen data, ka loda ta wata guda, in kamfani ya ɓata maka rai ka sauya layi. Can kwantiragi ake sa wa hannu, galibi na wata 18 ko 24. Kamfani ya aiko da na'urarsa, ya jona wa gida waya, kowane wata ya ciri kuɗinsa daga asusun banki. Wanda ya ce ya fasa kafin wa'adi ya cika sai ya biya tara gwargwadon watannin da suka rage. Har nan babu abin faɗa, alkawari kaya ne. Rigimar da aka shafe sama da shekara goma ana yi ita ce ko kamfanin ma yana ɗauke da nasa rabon kayan.

Tun 2012 ƙungiyar Which?, mai kare haƙƙin masu saye, take kuka da kamfanonin sadarwa masu ƙara farashi a tsakiyar kwantiragi. Hukumar Ofcom, mai kula da harkar sadarwa, ta saurara, kuma daga Janairun 2014 ta tsaida magana: in an ƙara kuɗin wata bayan an sa hannu, dole a ba mutum sanarwar kwana 30, a kuma bar shi ya fita ba tara. Aka yi ta murna. Sai dai ƙa'idar ta zo da 'yar kafa. Damar fita tana aiki ne idan ƙarin ba ya cikin abin da aka amince da shi tun farko. In an rubuta a takardar cewa farashi zai riƙa tashi kowace shekara, aka kuma nuna maka lokacin saye, to ba a sauya maka komai ba, kai ka yarda.

Lauyoyin kamfanoni ba barci suke yi ba. A 2020 kamfanin BT, da EE da Plusnet da ke ƙarƙashinsa, suka fito da lissafin da ya zama ruwan dare: duk shekara za a ɗauki ma'aunin hauhawar farashi na watan Disamba, a ɗora masa kashi 3.9 cikin ɗari, a ƙara wa kowa a ƙarshen Maris. Vodafone ya bi sahu da 3.9 ɗin, TalkTalk ya ce nasa 3.7 ne. O2 kuwa ya jingina nasa da wani tsohon ma'auni da ake kira RPI, wanda kusan kullum yake ɗara na sauran. Kamfanonin da ake ce mana gasa suke yi, duk suka taru a kan lamba kusan ɗaya. Hujjarsu dai ita ce shimfiɗa sababbin wayoyi masu sauri na cin biliyoyi, kuma wannan gaskiya ne. Amma mai neman kuɗin gini ai yana iya sa su cikin farashi tun ranar farko, kowa ya gani ya yi shawara.

Da farko ba wanda ya damu. A Disambar 2020 hauhawar farashi kashi 0.6 ne kacal, ƙarin ya tsaya a 4.5. Sai makamashi ya yi tashin gwauron zabo, yaƙin Ukraine ya ɓarke, a Oktobar 2022 hauhawar ta kai kashi 11.1, abin da ba a gani ba cikin shekara 41. Ƙarin 2022 ya zo da kashi 9.3, na 2023 ya zo da 14.4. Masu layin wayar O2 nasu ya kai 17.3.

A ɗauka wata uwa ce ta sa hannu a Nuwambar 2022, fam 30 a wata, wa'adin shekara biyu. Tallan da ya jawo ta fam 30 ɗin ya rubuta da manyan baƙaƙe, batun ƙari kuma yana can ƙasa cikin ƙananan rubutu. Bayan wata biyu ko uku saƙo ya shigo mata: daga ƙarshen Maris kuɗinki fam 34.32 ne. Shekara ta zagayo, aka ɗora kashi 7.9 a kan sabon farashin, ya zama fam 37.03. Kwantiragi ɗaya, farashi uku, kuma na tallan wata huɗu ko biyar kawai ta more shi. In ta buga waya ta ce ba za ta iya ba, amsar a shirye take: yana cikin sharuɗɗan da kika amince da su, in kina son fita ga abin da za ki biya.

Nan ne nake ganin darasin yake. Malaman fiƙihu sun daɗe da shardanta cewa ciniki ba ya inganta sai an san abin sayarwa an kuma san kuɗinsa, abin da ya jahiltu garari ne. Ranar da matar nan ta sa hannu, babu mahaluƙin da ya san abin da ofishin ƙididdiga zai sanar a Janairu mai zuwa, har shi mai sayar mata. An sanar da ita hanyar lissafi, ba a sanar da ita farashi ba, aka kuma jibga mata duk kasadar abin da ba a sani ba. Ita da albashinta bai bin hauhawar farashi, ita ce ta zama garkuwar kamfanin da ke da masana tattalin arziƙi ofis guda. Binciken Ofcom kanta ya nuna fiye da rabin masu intanet na gida ba su san abin da waɗannan ma'aunai suke aunawa ba. Kamar mai gida ne ya ba ka haya ta shekara biyu, ya ce ba fita, kuɗin kuma sai abin da kasuwa ta yi.

Ofcom ta fara bincike a Fabrairun 2023, ta yanke hukunci a Yulin 2024, sabuwar ƙa'ida ta fara aiki ranar 17 ga Janairun 2025. Daga ranar, sabon kwantiragi ba zai jingina ƙari da hauhawar farashi ko wani kaso ba. Dole a rubuta fam nawa da kwabo nawa za a ƙara, da ranar da za a ƙara, a nuna wa mai saye ɓaro-ɓaro. Ba a hana ƙarin ba, an dai ce a faɗe shi.

To, sun faɗa. BT ya sa fam 3 a wata, a cikin 2025 ya kai shi fam 4 ga sababbin shiga. Virgin Media ya fara da fam 3.50, shi ma ya koma 4. Tunda kuɗi ɗaya ake ɗora wa kowa, mai ƙaramin ƙarfi shi ya fi jin jiki. Fam 4 a kan mai biyan fam 25 kashi 16 ne, ya zarce ƙarin kashi 14.4 na 2023 da aka yi ta kururuwa a kai. A kan mai biyan fam 60 bai kai kashi 7 ba. Da tsohon lissafi aka bi a Maris ɗin 2025, kashi 6.4 ne, wato fam 1.60 ga mai fam 25 ɗin. Ban ce a koma gidan jiya ba, sanin farashi ya fi rashin saninsa. Amma waɗanda suka nemi a haramta ƙarin tsakiyar kwantiragi ɗungurungum sun fi Ofcom hangen nesa. Akwai ƙananan kamfanoni da ke sayar da farashi tsayayye har wa'adi ya cika, kuma ba su durƙushe saboda haka ba.

A Oktobar 2025 O2 ya gwada ƙarfin ƙa'idar. Ya sanar da masu layinsa, waɗanda aka riga aka rubuta musu ƙarin fam 1.80, cewa fam 2.50 za su gani daga Afrilun 2026. Ofcom ta ce hakan ya saɓa wa manufar ƙa'idarta, Martin Lewis mai ba jama'a shawara kan kuɗi ya yi ta tsiya, ministoci suka rubuta wasiƙu. Doka dai ba ta karye ba, domin kamfanin ya buɗe ƙofar fita ta kwana 30, wato tsohuwar kariyar 2014. Wanda ya ga saƙon a kan lokaci ya fita ba tara, ko da yake in yana biyan kuɗin wayar hannu kashi-kashi wannan bashin yana nan a wuyansa. Wanda saƙon ya shige masa cikin tarin imel, kwana 30 suka wuce, sabon farashin ya hau kansa har ƙarshen wa'adi.