Ra'ayinmu: An yi bincike a kanmu, amma ba mu iya karanta shi

A watan Maris na 2025 ne kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Wasu sun yi murna, wasu sun yi gunaguni, kuma kowane ɓangare yana da hujjarsa. Ba wannan gardama ce ta kawo mu yau ba. Tambayarmu ita ce: a cikin ɗimbin binciken da masana suka yi game da addininmu, aurenmu, sarautunmu da siyasarmu, nawa ne mai jin Hausa zai iya ɗauka ya karanta, ko a karanta masa?

Ba wai masanan ne ba mu da su ba. André Salifou, wanda ya shugabanci babban taron ƙasa na 1991, ya rubuta tarihin Damagaram na ƙarni na 19 tun a 1971. Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar kafin zuwan Nasara a 1975, ya rubuta na sarautar Agadas, daga baya kuma ya yi littafi guda kan tarihin Musulunci a wannan yanki namu. Baƙi ma sun zo sun zauna cikinmu, sun sha furarmu, sun yi tambayoyi. Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya fitar da littafi kan alhazan Maraɗi a 1986. Ba'amurka Barbara Cooper ta yi ɗaya kan aure a Maraɗi a 1997, ta ƙara wani kan Kiristocin yankin a 2006. Adeline Masquelier ta daɗe tana zuwa Dogon Dutsi, har ta rubuta littafi a 2019 kan fada, wato majalisar shayin samarinmu. Dukkansu da Faransanci ne ko Ingilishi. Tsohuwar da ta zauna a kan tabarma ta ba da labarin aurenta da Hausa, ba ta san abin da aka ce ta ce ba. Jikanta ma da ya yi lakwal, in bai ji Ingilishi ba, shi da ita duk ɗaya.

Wani zai ce wannan matsalar ƴan boko ce, talaka abin da ya dame shi tiyar hatsi. To, bari mu ɗauki misalin da ya shafi talakan. A 2001 aka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, wadda Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou suna cikin waɗanda suka assasa ta. Masu binciken cibiyar sun bi diddigin cin hanci a ma'aikatu, sun zauna a gidajen likita sun ga yadda ake karɓar majinyata. Da gwamnati ta ce a 2006 za a riƙa duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, sun bi shirin, suka nuna cewa kuɗin da ya kamata a mayar wa gidajen likita ba ya zuwa kan lokaci, shi ya sa magani yake ƙarewa. Uwar da aka ce mata "kyauta ne", sannan aka miƙa mata takardar sayen magani, ita ta fi kowa cancantar jin wannan bayani. Da ta ji, da ta san ba kullum ba ne laifin yake wuyan ma'aikacin da ke gabanta, da ta san ƙofar da za ta buga. Rahotannin suna nan a intanet, ba a biyan ko dala, amma da Faransanci.

Inda abin ya fi ciwo shi ne fannin addini. Tun daga 1991 ƙasar nan take jayayya kan kalma guda ta Faransanci, "laïcité", wadda har yau ba mu daidaita kan fassararta ba. Wani ya ce raba addini da gwamnati ne, wani ya ce rashin addini ne ɗungum, kuma tsakanin waɗannan fassarori biyu akwai tazarar da za ta iya tada gari. Masu rubuta kundin tsarin mulki sun kauce wa kalmar, na 2010 ya yi maganar raba gwamnati da addini, amma wa ya zauna ya warware wa jama'a bambancin? Haka aka yi da dokar iyali, wadda ta maƙale a 1994 bayan ƙungiyoyin addinin Musulunci sun ƙi ta. Haka aka yi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, wadda majalisar dokoki ta yi watsi da ita a 2006. Ba muna cewa ƙin su kuskure ne ko daidai ba. Muna cewa yawancin waɗanda suka goyi baya da waɗanda suka ƙi ba su taɓa jin ayoyin takardun da harshensu ba. Abin da aka faɗa musu kawai suka riƙe.

Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 ba su gushe daga zukatanmu ba, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe, aka ƙone coci-coci a Damagaram da Yamai, aka rasa rayuka 10. Yara nawa cikin waɗanda suka fita ran nan suka san cewa ƴan mishan sun sauka Damagaram tun 1924, cewa asibitin Galmi yana karɓar marasa lafiya tun 1950, cewa Kiristan da ke bayan gidansu Bahaushe ne ɗan ƙasa, ba wakilin Faransa ba? An rubuta wannan tarihi filla-filla. Yana cikin ɗakunan karatu na Amurka da Turai.

Mu ma na rediyo ba za mu wanke kanmu ba. Mun sha gayyatar malamin jami'a cikin shiri, ya fara da Hausa, kafin minti 3 ya koma Faransanci, mu kuma mu bar shi don kunya ko don lalaci. Wani ya taɓa ce mana gaskiya: a Hausa bai san sunan abin da yake koyarwa ba. Wani kuma tsoro yake ji, kada ya taɓa maganar addini a ce ya fita hanya. Filin da suka bari, wanda ya fi ƙarfin murya ko ya fi nauyin aljihu shi ke sayen shi. Malamanmu na zaure da masu wa'azi, kome za a ce, sun gane abu guda da jami'a ta kasa ganewa: da harshen mutane suke magana, kuma kullum.

Abin mamaki, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, Abdou Moumouni, tun a 1964 ya rubuta littafi kan ilimi a Afirka yana kiran a koyar da harsunanmu. Boubou Hama kuma ya tara tsofaffin rubuce-rubuce na Larabci da ajami, waɗanda dubbai daga cikinsu suke ajiye a cibiyar IRSH. Kakanninmu sun yi tauhidi da fiƙihu da waƙen gargaɗi da Hausa, don haka kada a ce mana harshen ba zai ɗauki ilimi mai zurfi ba.

Ba mu ce a fassara ɗakin karatu duka cikin shekara guda ba. Amma jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa suna tsakiyar masu jin Hausa, kuma suna iya ɗora wa duk ɗalibin da ya kammala kundin bincike kan al'umma ya kawo taƙaitawarsa ta shafi 2 ko 3 da Hausa, ko da Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek ko Barebarci, gwargwadon mutanen da ya yi wa tambayoyi. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta haɗa masana harshe da malaman zaure da ƴan jarida su daidaita kalmomi, a fara da waɗanda suka sha haddasa rigima. Gidajen rediyo kuma su ware rabin awa a mako wanda ba na sayarwa ba. Wannan shafi a buɗe yake ga duk malamin da ya aiko mana da bincikensa cikin Hausa. In kalma ta gagare shi, ya rubuto ta da Faransanci, za mu tambayi masu karatu yadda ake faɗinta a Gobir, Katsina, Adar da Damagaram.