Turmin da ya rasa abokin taunarsa

Shekara huɗu da suka wuce, wata ƙanwar mahaifiyata da ke zaune a Faskari ta yi kwana uku ba barci saboda ciwon haƙori. Aka cire mata turmin ƙasa, ciwo ya tafi, kowa ya yi hamdala. Bana ta dawo da wani kuka: turmin sama da ke saitin giɓin ya sauko har yana taɓa dasashi in ta rufe baki, nama kuwa sai gefe guda take taunarsa.

Haƙori ba a kafe yake kamar ƙusa a katako ba. Wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da shi cikin ƙashin muƙamuƙi, kuma abokin karonsa ne ke tsayar da shi a matsayinsa. In an cire abokin, sau da yawa sai ya riƙa fitowa sannu a hankali, na gefen giɓin su karkato, abinci ya riƙa maƙalewa. Ranar da aka zo sa haƙorin roba, sai a tarar babu wurin da zai zauna.

A nan ne maganar robar saita haƙora ta shigo, wadda tallarta ta cika Instagram. Roba ce garai-garai da ake ƙerawa daidai bakin mutum, irin ta Invisalign, wadda kamfanin Align Technology da aka kafa a Amurka a 1997 ya fito da ita. Ana sa ta awa 20 zuwa 22 a kullum, a canza sabuwa bayan mako ɗaya ko biyu, kowace kuma tana matsar da haƙori kimanin rubu'in milimita. Da ita a baki ba a cin goro, ba a shan shayi mai zafi.

Ra'ayina shi ne tallar ta fi aikin kuri, musamman a kan turmi. Daidaita haƙoran gaba abu ne da robar ta iya. Mayar da turmi cikin ƙashi kuwa yana cikin mafi wuyar aikin likitan haƙori, domin saiwoyinsa biyu ne ko uku, kuma dole a sami abin dogarawa kafin a tura shi. In fitowar kaɗan ce, robar na iya taimakawa, tunda tana rufe saman haƙori, cizo ma yana ƙara dannawa. In ya sauko sosai, likita kan dasa ɗan ƙaramin sukuru a ƙashi don ya ja shi, ko ya rage tsawon haƙorin ya yi masa hula. Dukkansu sai an ɗauki hoton saiwa an duba lafiyar dasashi. Bayan an gama, in ba a cike giɓin ba, turmin zai sake saukowa.

Shi ya sa nake tsoron masu cewa a aiko da awon baki, su aiko da roba. SmileDirectClub, wanda ya yi suna da wannan ciniki a Amurka, ya rufe a Disambar 2023, ya bar mutane a tsakiyar magani ba mai duba su.

Sai kuma hanya. Wannan magani na watanni ne, da komawa wurin likita a kai a kai. Mutumin Sabuwa ko Faskari sai ya bi ta Funtuwa zuwa asibitin koyarwa na Shika a Zariya, na Ƙanƙara ya nufi Katsina ko asibitin Malam Aminu Kano. Duk wanda ya san hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme a shekarun nan ya san ba a hawanta don ƙaramin dalili.

Mu da ke birni, mu ake bugo wa waya a ce a turo kuɗin cire haƙori, mu tura da sauri don shi ne mai araha. Na yi hakan, kuma na yi kuskure. Abin da ya kamata in tambaya shi ne ko za a iya cike ramin ko a wanke saiwar a bar haƙorin, in kuma cirewa ta zama dole, me za a sa a gurbinsa, kuma yaushe. Turmin farko na dindindin yana fitowa ne yaro na da kimanin shekara 6, a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba, don haka iyaye da yawa kan ɗauka shi ma na famfara ne, su bar shi ya ruɓe.

Inna dai an ba ta rana a Zariya bayan girbi. Likitan ya ce sai ya ga hoto kafin ya faɗi ko roba za ta yi.