A Yi Hattara Wajen Zaɓen Baƙin Mai

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a tashoshi da garejin bakanikai, tun daga nan Gandi har Rabah, Wurno da Goronyo, wato gardamar baƙin man da ya dace a zuba wa mota.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, darajar Naira kuma ta faɗi, kuɗin juye ya zama abin zama a yi lissafi. Ka je shago sai a jera maka galan uku. Na farko man gama-gari ne, wanda aka tace daga ɗanyen mai. Na biyu shi ne gauraye, an haɗa gama-garin da na zamani. Na uku kuwa sintetik ne tsantsa, wanda aka sarrafa a masana'anta, irin su Mobil 1 da Quartz 9000, kuma duk ya fi tsada. Sai mai shago ya ce maka, "Alhaji, wanga shi ka sa mota ta koma sabuwa."

Ni ba na musun cewa sintetik yana da kyau. Yana jure zafi, ba ya saurin ƙonewa, ba ya tara dagwalo a cikin inji. Amma jama'a mu dubi motocin da muke da su. Tsofaffin Golf ne da Sharon da Kanta da a-kori-kura, waɗanda suka ci ƙasa tun a Turai kafin su iso hannunmu. Su muke labta wa albasa da tafarnuwa da shinkafar fadama zuwa Sakkwato. Irin wannan inji ringinsa ya ci, robobinsa sun saki. Yawancin sintetik da ke kasuwa kuwa tsinkakke ne. Ka zuba shi a tsohon inji, sai mota ta dinga shan mai tana hayaƙi, ko ka tarar da ɗigo a inda ta kwana. Ga asarar kuɗi, ga asarar mai.

Abu na biyu shi ne ƙura. Ana cewa sintetik yana kai kilomita 10,000 kafin a juye. To, wannan lissafin masu kwalta ne. Mu nan ga hazon hunturu, ga hanyar burji, ga zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, ga lodi fiye da ƙima. Ƙurar da ta shiga inji ba ta tambayar kuɗin mai, yadda take gurɓata mai arha haka take gurɓata mai tsada. Wanda ya sayi mai tsada kuwa yakan ji ƙyashin zubar da shi, sai ya yi ta jan lokaci har inji ya buga.

Saboda haka shawarata ga masu tsofaffin motoci ita ce su nemi gauraye na gaske mai ɗan kauri, kamar 10W-40 ko 15W-40, in inji ya tsufa ƙwarai 20W-50. A yi juye kafin a wuce kilomita 5,000, a canza filtar mai a kowane juye, a riƙa kakkaɓe filtar iska. Wanda Allah ya hore wa sabuwar mota kuwa ya bi lambar da kamfani ya rubuta a littafinta, ko da sintetik ne, domin ƙofofin man sabon inji ƙanana ne, mai kauri cutar da shi yake yi.

Ina kuma jan hankalin 'yan kabu-kabu. Kada a zuba wa Boxer man mota don an ji yana da tsada. Kulocin mashin a cikin mai yake wanka, wani man motar kuwa santsinsa ya yi yawa, sai kuloci ya fara zamewa. A duba galan mai alamar 4T.

Babbar masifar ma ita ce jabu. Akwai marasa tsoron Allah da ke tara kwandam, su tace shi, su ɗura a galan mai kyan gani. Akwai kuma na awo da ake sayarwa a kwalba bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ba. Shi ne yake kashe wa manoman rani injin ban ruwa a gaɓar Gulbin Rima, daidai lokacin da albasa ke tsananin son ruwa. Arha ba ta ado. A saya a gidan mai ko wurin dila sananne, a duba murfi ba a taɓa buɗe shi ba, a tsaya a zuba a kan idonka, sannan ka huda galan ɗin kafin ka yar, don kada a sake ɗura shi a cuci wani.

Wannan magana ta wuce ta kuɗi kawai. Tun abin da ya faru a Tabanni a shekarar 2018, kowa a ƙasar Gandi ya san abin da ake nufi da mota ta mutu a daji da magariba, da mata da yara a ciki.

A ƙarshe ina kira ga hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, wato SON, da ta riƙa leƙo kasuwannin ƙauye, kada bincikenta ya tsaya a birane. Shugabannin ƙungiyar direbobi su ma su wayar da kan 'ya'yansu. Allah ya tsare mu da dukiyoyinmu, amin.

Naku mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Gandi, Ƙaramar Hukumar Rabah,
Jihar Sakkwato.