Mai Keke, Fara Sayen Jar Fitilar Baya Kafin Ta Gaba

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa suka koma hawa keke, amma in ka lura bayan magariba, yawancin kekunan nan ba su da komai a baya. Wanda ya yi ƙoƙari shi ne ya ɗaura wata ƙatuwar fitila a gaba yana kashe wa mutane ido. Ni a ganina an juya abin. Ka fara da jar fitilar baya, sannan farar ta gaba.

Abin da ke gabanka kana ganinsa, za ka iya kaucewa, amma ba ka da ido a ƙeya. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a duk daƙiƙa ɗaya. In direba bai hango ka ba sai da ya rage mita 30, abin da ya rage masa bai wuce daƙiƙa biyu zuwa uku ba ya gane keke ne, ya taka birki. Jar fitila kuwa tun daga nesa take sanar da shi akwai mutum a gaba.

Wani zai ce ai tocilan wayarsa ta wadatar. Wallahi ba ta wadatar ba. Haskenta watsewa yake yi, gaba kawai take haskawa, ga shi ka riƙe keke da hannu ɗaya. Rami ɗaya za ka faɗa waya ta sha ƙasa, kuma mu masu gyara mun san kuɗin canza gilashin waya ya fi na fitila nesa ba kusa ba. Ballantana masu ƙwace da ka haska musu ita da kanka.

In za ka saya, kar lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Ana auna haske da lumen. A cikin gari ta gaba mai lumen 200 zuwa 400 ta isa, ta baya kuma 20 zuwa 50. Sai in hanyarka babu fitilar titi ne za ka nemi wadda ta fi haka. Ƙwan gaban mota irin na da yana ba da lumen 1,000 zuwa 1,500 ne, to yaya 'yar fitila kamar yatsa za ta ce tana da 20,000?

Haka batir. Yawancin masu caji da lithium suke aiki kamar wayarka. Batirin nan mai lamba 18650, yawancin na gaske ba sa wuce kusan 3,500mAh, in ka ga an rubuta 9,900mAh ƙarya ce tsagwaronta. Zaɓi mai bakin USB-C don cajar wayarka ta yi maka, kuma duba ko an rubuta IPX4 ko sama, ita ce ke jure yayyafi. In ruwa ya taɓa bakin cajin, bari ya bushe tukuna.

Wajen ɗaurawa, ka ɗan sunkuyar da ta gaba tana kallon kwalta. Direban da ka kashe wa ido ba ganinka yake yi ba. Ta baya a ƙarƙashin sirdi, kar babbar riga ko kaya su rufe ta. Walƙiya tana da amfani da rana da lokacin hazo, amma da dare bar ta a tsaye, domin mai walƙiya tana hana direba gane nisanka. A Jamus ma doka ta hana ɗaura mai walƙiya a jikin keke.

Yau da dare jingina kekenka a bango, kunna fitilun, ka yi taku 50 ka waiwayo. Abin da ka gani shi direba yake gani. Allah Ya tsare mu a hanya.